Galahanga: Yadda Binciken Shekara 80 Ya Wanke Uwaye Daga Zargi

A watan Oktoba na 1938 wani lauya daga ƙaramin garin Forest, a jihar Misisipi ta Amurka, ya ɗauko matarsa da ɗansu mai shekara biyar suka yi doguwar tafiya zuwa asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore. Kafin su taso ya riga ya aika wa wani likita na can wasiƙa mai shafi 33, yana zayyana halin yaron tiryan-tiryan. Sunan yaron Donald Triplett. Tun yana shekara biyu Allah ya ba shi kaifin hadda, amma in mahaifiyarsa ta kira shi ko waiwaye ba ya yi. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne ya sami faranti ko wani abu mai kewaye ya riƙa juya shi a ƙasa kamar katantanwa, yana kallo yana tsalle. Idan aka sauya masa abin da ya saba, ranar gidan ba zaman lafiya.

Likitan, Leo Kanner, bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ci gaba da tattara labarin yara masu kama da Donald, har a 1943 ya wallafa bayanin yara 11, maza takwas da mata uku, Donald ne na farko a jerin. Lalurar ita ce likitoci ke kira otizam, kafafen labarai na Hausa kuma suka fi kiranta galahanga, ko da yake a bakin jama'a kalmar takan haɗa da wasu lalurori dabam. Tun a 1925 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin waɗannan yara, sai dai aikinta ya daɗe bai kai kunnen duniya ba.

Duk wanda ya taɓa zama da irin wannan yaro a Kano ko Maraɗi ko Zangon Kumasi zai gane Donald nan take. Yaro ne lafiyayye, yana ci yana sha, amma ya shekara uku ba ya cewa "Umma". Yana jera murafun kwalba a tsakar gida, in ƙaninsa ya taɓa guda ɗaya sai kuka da buga kai. Ƙarar injin markaɗe tana sa ya toshe kunnuwa ya ruga ɗaki. Kakarsa ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan, babansa ma bai yi magana da wuri ba." Maƙwabciya ta ce shafar aljanu ce. Wani a dangin miji ya ce ai tun tana da ciki take fita da magariba. A ƙarshe duk maganganun kan uwa suke sauka, ita kuma ta kwana tana tambayar kanta me ta yi.

Wannan tambaya masana suka shafe fiye da shekara 80 suna bi. Amsar da suka samu ta cancanci kowane gida ya ji ta.

Zamanin da aka tuhumi uwa

Ba mu kaɗai muka ɗora wa uwa laifi ba. Shi kansa Kanner ya rubuta cewa iyayen yaran da ya gani mutane ne marasa sakin fuska. Daga nan wasu suka gina ra'ayin cewa sanyin zuciyar uwa ne ke sa yaro ya janye daga mutane, har aka yi wa irin waɗannan mata laƙabi da uwaye masu sanyin firji. Bruno Bettelheim, wanda ke tafiyar da wata makaranta a Chicago, shi ya fi kowa yayata wannan magana, musamman a littafinsa na 1967. An raba yara da iyayensu da sunan magani. Mata da yawa sun tsufa da wannan tabo a zuciya.

Wanda ya fara tsayawa da hujja ya ce ba haka ba ne, uba ne. Bernard Rimland masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, ɗansa kuma yana da lalurar. Ya ga matarsa tana ɗawainiya da yaron dare da rana, ya kuma ga alamun sun bayyana tun yaron yana jariri. A 1964 ya fitar da littafi yana kafa hujja cewa tushen abin yana cikin halittar ƙwaƙwalwa. A 1969 Kanner da kansa ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga zargi.

Shaidar tagwaye

Hujjar da ta rufe bakin kowa daga tagwaye ta fito. Tagwaye iri biyu ne. Akwai 'yan ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne sak, akwai kuma 'yan ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Dukansu ciki ɗaya suka kwanta, nono ɗaya suka sha, uwa ɗaya ta goya su. In da reno ne sanadi, da ba za a ga bambanci tsakanin iri biyun ba.

A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bi lungu-lungu a Birtaniya suka samo tagwaye 21 waɗanda aƙalla ɗaya daga cikinsu yake da lalurar. Cikin 'yan ƙwai ɗaya guda 11, an sami huɗu da Hassan da Husaini duk suna da ita. Cikin 'yan ƙwai biyu guda 10, ko ɗaya ba a samu ba. Adadin kaɗan ne, amma ya juya akalar bincike gaba ɗaya. Bayan shekara 42, a 2019, aka wallafa nazarin da ya duba mutum fiye da miliyan biyu a Danmak, Finlan, Suwidin, Isra'ila da Yammacin Ostireliya. Sakamakonsa ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke bambanta masu lalurar da waɗanda ba su da ita daga gado yake.

A nan akwai buƙatar natsuwa. Wannan adadi ba ya nufin mai lalurar zai haifi mai ita sau takwas cikin goma, ba kuma ya nuna dangin uwa ko na uba da yatsa. Abin da aka auna a iyalai shi ne, idan an sami yaro ɗaya mai lalurar, kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen da za su biyo baya sukan zo da ita. Huɗu cikin biyar ba sa zuwa da ita.

Ba kamar sikila ba ce

Bahaushe ya san gado ta hanyar sikila. Ƙwayar gado ɗaya ce, in mai AS ya auri mai AS an san abin da ka iya biyo baya, kuma gwajin jini ɗaya ya isa. Da farko masana sun zaci haka za su tarar a galahanga. Sai suka tarar da daji.

Ka ɗauka bayanin halittar mutum wani ƙaton littafi ne mai haruffa kusan biliyan uku, wanda ake kwafe wa kowane jariri, kwafi ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Komai ƙwarewar mai kwafi sai alƙalami ya zame. Kowane ɗan Adam yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jinin iyayensa, kuma galibinsu ba sa yin komai. Amma wani lokaci zamewar takan faɗa kan shafi mai muhimmanci ga ginin ƙwaƙwalwa. A 2007 Jonathan Sebat da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa irin waɗannan sababbin sauye-sauye sun fi yawa a yara masu lalurar, musamman a gidajen da ba a taɓa samun mai ita ba. Wannan ya amsa tambayar da iyaye kan yi cewa ai babu irin wannan a zuri'armu.

A 2012 masana a ƙasar Aisland suka gano cewa yawancin sababbin sauye-sauyen ta wajen uba suke zuwa, kuma duk shekarar da ta ƙaru a kan shekarun uba tana ƙara kimanin guda biyu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ganin lalurar ta ɗan fi yawa a 'ya'yan da aka haifa wa dattawa. Ƙarin kaɗan ne, mafi yawan 'ya'yan tsufa lafiyarsu ƙalau, amma ya isa ya nuna rashin adalcin da ke cikin tuhumar uwa ita kaɗai.

A 2020 wani babban nazari da ya duba samfurin mutum fiye da 35,000 ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da lalurar, kuma jerin yana ta ƙaruwa. Wasu an daɗe da saninsu. Huda Zoghbi, likita haifaffiyar Labanon da ke aiki a Houston, ita da ɗalibanta suka gano a 1999 ƙwayar da ke haddasa ciwon Rett, wanda ke sa yarinya ta rasa magana da amfani da hannu bayan ta fara. Wasu masanan kuma sun yi aiki da iyalai masu auren zumunci a Gabas ta Tsakiya da Turkiyya da Pakistan, domin a irin waɗannan gidaje ƙwayar da ta ɓuya a jikin kakanni takan haɗu ta ɓangare biyu ta bayyana, sai a gane ta cikin sauƙi.

Duk da haka, waɗannan manyan sauye-sauye ba su bayyana halin yawancin yaran ba. Kaso mafi girma na gadon yana zuwa ne daga dubban ƙananan bambance-bambance da kowannenmu ke ɗauke da wasu daga ciki. Ɗaya ba ya yin komai, sai sun taru da yawa a jikin mutum ɗaya, kamar yadda yayyafi kan cika tulu. Saboda haka babu wani gwajin jini da zai ce wannan yaro yana da galahanga ko ba shi da ita. Likita yana gane ta ne ta hanyar lura da yaro da sauraron iyayensa.

Abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa

Da aka jera ƙwayoyin gadon, sai aka ga galibinsu aiki biyu suke yi. Wasu suna kula da mahaɗar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo, wasu kuma su ne ke kunna sauran ƙwayoyin gado da kashe su a lokacin da ake ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Da yawansu sun fi aiki a tsakiyar watannin ciki. Ma'ana, tun kafin yaro ya sha iskar duniya aka aza harsashin.

Bincike a kan ƙwaƙwalwar yaran da suka rasu ya ƙarfafa wannan. Ɓawon ƙwaƙwalwa hawa shida ne, kuma a cikin ciki ake jera su. A 2014 masana a San Diego suka duba na yara 11 masu lalurar, suka tarar da 'yan wurare da jerin ya hargitse a guda 10. A cikin yara 11 marasa ita, ɗaya kawai aka gani da haka.

A wannan shekarar wasu masana a jami'ar Columbia da ke New York suka duba wani abu dabam. Ƙwaƙwalwar jariri tana tsiro da mahaɗai fiye da buƙata, daga baya ta riƙa ragewa, kamar yadda manomi ke bin ramin gero yana cire wasu tsirrai don na ƙwarai su sami sarari. A samfurin da suka duba, yara marasa lalurar sun rage kusan rabi kafin su gama balaga, masu ita kuwa kashi 16 cikin 100 kawai. Samfurin ba shi da yawa, amma ya dace da abin da manya masu lalurar ke faɗa da bakinsu, cewa ƙara da haske da taɓi suna afka musu gaba ɗaya ba tacewa. Yaron da ya toshe kunne saboda injin markaɗe ba iskanci yake yi ba, ƙarar ce take yi masa zafi da gaske.

Zaman ciki da haihuwa

Gado ba shi ne duka labarin ba, tunda akan sami 'yan ƙwai ɗaya da ɗaya ke da lalurar ɗaya ba shi da ita. Sauran abubuwan da aka tabbatar kusan duk suna da alaƙa da zaman ciki da haihuwa. Bakwaini, musamman wanda aka haifa da wuri sosai, da jaririn da ya sha wahalar numfashi a doguwar naƙuda, da ɗan mai ciwon sukari, duk an ga lalurar ta fi yawa a cikinsu.

Bayan annobar rubela, wato ƙyandar nan mai sauƙi ga manya mai illa ga ɗan tayi, da ta auka wa Amurka a 1964, likita Stella Chess ta bi yara 243 da cutar ta kama tun suna ciki, ta sami 18 da alamun galahanga. Haka kuma maganin farfaɗiya mai suna valproate. Wani nazari a Danmak a 2013 ya nuna yaran da uwayensu suka sha shi da ciki sun fi sauran samun lalurar kusan ninki uku. Mai farfaɗiya kada ta yanke magani da kanta, domin faɗuwa da ciki haɗari ce babba, amma ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki don a duba mata wani. A gefe guda, nazarin yara kimanin 85,000 a Norway ya ga lalurar ta yi ƙaranci a 'ya'yan matan da suka sha folik asid daf da ɗaukar ciki, wannan ƙaramar ƙwayar da ake bayarwa a wurin awo.

A watan Satumba na 2025 gwamnatin Amurka ta tayar da ƙura kan farasitamol, cewa shan sa da ciki yana da alaƙa da lalurar. Amma a 2024 an riga an wallafa nazarin yara kusan miliyan biyu da rabi a Suwidin, inda aka kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwa ta sha maganin da cikinsa da wanda ba ta sha ba, ba a kuma ga bambanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujjar da ta danganta su.

Ƙaryar da ta ci rayuka

A 1998 wani likita a Landan, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto kan yara 12 kacal, ya kuma yi amfani da shi wajen jefa shakku kan allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. Ɗan jarida Brian Deer ya bi diddigi ya gano an murɗe bayanan yaran, kuma likitan ya karɓi fiye da fam 400,000 ta hannun lauyoyin da ke shirin kai kamfanonin rigakafi kotu. A 2010 mujallar Lancet ta janye rahoton, aka kuma soke lasisinsa. A 2019 masana a Danmak suka bi yara 657,461, ba su ga wani ƙari ba a waɗanda aka yi wa allurar, har da waɗanda ke da wa ko ya mai lalurar.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne lokaci. Alamun sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake yi wa yaro allurai. Zakara yana cara gari ya waye, amma ba shi ya kawo rana ba. Ƙaryar ta bar ɓarna. 'Yan Somaliya mazauna jihar Minnesota sun ji tsoro sun janye daga rigakafi, a 2017 ƙyanda ta kama mutum fiye da 70, galibinsu yaransu. Mu ma mun san tsadar jita-jita, domin dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Rigakafin rubela kuwa yana toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da aka tabbatar lalurar na shigowa ta nan.

Ƙaruwa take yi?

A 1966 Victor Lotter ya ƙirga yara huɗu zuwa biyar cikin 10,000 a wani yanki na Ingila. A Amurka an ƙiyasta ɗaya cikin 150 a 2000, sai ɗaya cikin 31 a alƙaluman 2022. A duniya baki ɗaya ƙiyasin 2021 ya ce mutum ɗaya cikin 127. Babban dalilin hauhawar shi ne faɗaɗa ma'auni. Tun daga 1979 Lorna Wing, likita kuma uwar yarinya mai lalurar, tare da Judith Gould suka nuna cewa abin hawa-hawa ne, daga wanda ba ya magana sam har zuwa wanda zai yi digiri amma zaman hira ya gagare shi. Wani nazari a Danmak ya danganta kashi 60 cikin 100 na ƙaruwar can ga sauyin ma'auni da yadda ake rajista. Akan gano ta a maza uku zuwa huɗu kafin mace ɗaya, wani ɓangare saboda 'yan mata sun fi iya ɓoye alamun, balle a inda ake yaba wa yarinya da shiru da kunya.

Ina Afirka a wannan bincike?

An taɓa ɗauka cewa lalurar ta Turawa ce. Lotter ɗin nan ya zo ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Ghana, ya kuma wallafa a 1978 cewa ya ga yara masu alamu iri ɗaya da na Ingila. Daga baya likita Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa da ke Enugu ya yi rubuce-rubuce kan yadda ake kai yaran Afirka asibiti a makare, galibi sai waɗanda ba sa magana. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado, amma mafi yawan samfurin da aka yi nazari na Turawa ne. Shirin NeuroDev da ke aiki da iyalai a Kilifi ta Kenya da Cape Town ta Afirka ta Kudu ya fara cike giɓin. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna da hurumin shiga wannan aiki, tun daga samar da ma'aunin gwaji da aka tsara da Hausa bisa tarbiyyarmu, domin a wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya yi.

Abin da ke hannunmu

Har yau babu ƙwaya ko jiƙo da ke warkar da galahanga, duk wanda ya ce yana sayar da shi kuɗinka yake so. Abin da aka tabbatar yana taimako shi ne koyarwa da wuri. A Ingila an yi gwaji kan yara 152, aka horar da iyayen kusan rabinsu su riƙa lura da ƙananan alamun da yaro ke yi su amsa masa, bayan shekara shida aka ga amfanin yana nan. An kai irin wannan horo Indiya da Pakistan ta hannun ma'aikatan da ba likitoci ba, ya kuma yi aiki.

Idan yaro ya shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya shekara ɗaya da rabi ba ya nuna abu da yatsa, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya fara magana ta ɗauke, a kai shi wurin likitan yara, a fara da gwajin ji. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Duka da ɗauri da turaren barkono kuwa zalunci ne a kan wanda bai san laifinsa ba.

Donald Triplett ya taɓa zama shekara huɗu a gidan wasu manoma. Da suka ga yana son ƙirga, sai suka ba shi garma suka ce ya riƙa ƙirga kunyoyin masara yana nomewa. Ya girma ya gama kwaleji a 1958, ya koyi tuƙi, ya yi aiki a bankin garinsu shekaru masu yawa, mutanen Forest suna kare shi kamar ɗan cikinsu. Ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89. Ba kowane yaro ne zai kai inda ya kai ba, wasu za su buƙaci mai kula da su har ƙarshen rayuwa. Amma kowannensu yana da abin da zai iya koya in ya sami mai haƙuri da shi. Ke uwa mai wannan ɗawainiya, ba ke kika jawo ba. Ku kuma dangi da maƙwabta, ku sauke mata zargi, ku kama mata renon.